Tukunyar tace ruwa: abin da za mu sani kafin mu buɗe akwatin asusu

Garuruwanmu da yawa yanzu sun samu famfo ko rijiyar siminti. Daga Agiye zuwa Cadawa, daga Gazawa zuwa Gangara, wadda ta girmi shekara arba'in ta san ba haka abin yake ba da. Amma zawon yara bai bar mu ba. Damana na sauka sai bakin likita ya cika da mata goye da ɗiya, wannan zazzaɓi, wannan zawo, wancan duka biyun. Zazzaɓin mun san sauro ne. To zawon fa, alhali gidan daga famfo suke ɗiba?

Amsar ba ta da nisa, tana cikin gidajenmu. Ruwa kan fito daga famfo garau, ya lalace tsakanin famfon da bakin yaro. Bidon da aka yi wata ba a wanke cikinsa ba, ganyen da ake tsinka a jefa bisa bokiti don kada ruwa ya zube a hanya, randar da ke kwana buɗe, da kuma uwa-uba moɗa. Moɗa ɗaya ce ta gidan duka. Yaro ya sha ya yar ƙasa, kaza ta bi ta kai, wata ta ɗauka ta karkaɗe ta sake nutsa ta cikin randa har da yatsu. Ba ƙazanta muke jingina wa kowa ba, haka dai muka tashi muka tarar. Ballantana kuma ranar da famfo ya lalace, ko layi ya yi tsawo, ko kuɗin bido ya gagara, aka koma rijiyar gargajiya ko tabki.

Shi ya sa zancen tukunyar tace ruwa ke ta yawo a tarukan asusu. Wasu sun ji labarinta a rediyo, wasu ɗiyansu sun nuna musu hotonta a waya, wasu kuma na tambaya ko ƙungiya za ta iya saye ta raba wa membobi bashi. Mun ga ya dace mu zauna mu baje zancen, da daɗinsa da ɗacinsa, tunda kuɗin da ke cikin akwati guminmu ne.

Wace irin tukunya ce?

In kika gan ta za ki ce kaskon shuka fure ne. Ta yumɓu ce, ja, bakinta da faɗi, tana cin lita 8 zuwa 10. Ana ɗora ta a bakin wani bokitin roba mai murfi, wanda aka sa wa ɗan famfo a gindi. Ki zuba ruwa a tukunya, ki rufe, ruwan ya riƙa tsattsafowa ta jikinta yana ɗiga cikin bokitin. Mai jin ƙishi ya murɗa famfo ya tara kofi. Ba wuta, ba itace, ba magani, kuma hannun kowa ba ya shiga ruwan.

Asirin yana wurin gini. Magini yakan daka busasshen yumɓu ya tankaɗe, ya gauraya shi da garin katako ko ɓuntun shinkafa wanda shi ma an tankaɗe, bisa awo, ba da ka ba. A kwaɓa, a sa a injin matsa mai ƙira don duk tukwanen su fito kauri ɗaya. In sun bushe a gasa su a tanda mai zafin kusan digiri 900. Wutar ta cinye garin katakon, sai ta bar ƙofofi ƙanana ƙwarai a jikin tukunyar, waɗanda ido ba ya gani. Ruwa na iya bi ta nan, amma laka da ƙwan tsutsar ciki da mafi yawan ƙwayoyin cutar da ke kawo zawo sai su maƙale. Bayan gashi akan shafe ta da ruwan azurfa, saboda azurfa na kashe ƙwayoyin cuta kuma tana hana su hayayyafa a jikin yumɓun.

Kafin a saki ko wace tukunya sai an gwada ta. A jiƙa ta, a cika, a auna abin da ta ɗigar cikin awa ɗaya. Abin da ake nema bai wuce lita 1 zuwa 3 ba. Wadda ta yi ƙasa da haka ba za ta shayar da gida ba. Wadda ta wuce, to akwai tsaga ko ƙofofinta sun yi girma, fasa ta ake yi. Ku riƙe wannan awon da kyau, za mu dawo kansa.

Wani masani ɗan ƙasar Gwatamala, Fernando Mazariegos, shi ya fito da wannan dabara a 1981. Ta yaɗu ne bayan 1998, lokacin da guguwar Mitch ta yi ɓarna a Nikaragwa ta lalata hanyoyin ruwa, sai wata ƙungiyar magina mai suna Potters for Peace ta ɗauki aikin. Jagoransu Ron Rivera ya yi ta zagaya ƙasashe yana koya wa magina yadda ake kafa tanda da injin matsa. Tafiyarsa ta ƙarshe Najeriya ce. Can zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya rasu a 2008. A yankinmu na yammacin Afirka, wurin da aikin ya fi zama da gindinsa shi ne Tamale a arewacin Gana, garin da fatakenmu suka daɗe da sani, inda wata ƙungiya mai suna Pure Home Water ta fara sayar da tukwanen tun 2005, daga baya ta gina tandarta a wani ƙauye kusa da garin.

Akwai kuma wani iri da ake gani a shagunan birni, bokiti biyu ɗaya bisa ɗaya, na ƙarfe ko na roba, da wani farin abu kamar kyandir a ciki. Shi ma yumɓu ne gasasshe, aikinsu ɗaya. Da yawa daga abin da za mu faɗa nan ya shafe shi.

Mu dai tace ruwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu sun tuna zamanin kurkunu, da aka bi gari gari ana raba ƙyallen tacewa ana cewa kada a sha ruwan tabki sai an tace. Mata ne suka riƙe wannan aiki safe da yamma, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Sai dai ƙyalle na tare ƙwaron da ke ɗauke da kurkunu ne don yana da ɗan girma. Ƙwayar cutar zawo ta fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙyalle ba ya ganinta. Nan tukunyar ta fi.

Tana aiki kuwa?

Tana yi. A ƙasar Kambodiya, inda aka raba dubban irin waɗannan tukwane a ƙauyuka, masu bincike sun bi gidaje suka tarar cewa masu amfani da ita zawonsu ya ragu da kusan rabi in aka kwatanta da maƙwabtansu marasa ita. Ku lissafa abin da rabin zawo ke nufi a gida mai yara biyar. Gaskiya ne tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma kabu-kabu ba kyauta ba ne, kasuwar da kika rasa ba kyauta ba ce, noman da ya tsaya ma haka. Kuma duk mun san yadda zawo ke jan yaro zuwa tamowa: ya yi sati yana zubarwa, ya ƙi cin abinci, kafin ya murmure wani ya sake kama shi, sai ki ga hannu ya koma kamar kara.

Ga kuma kwalara, wadda ba ta da nisa da mu. A 2018 ta ɓulla a gundumar Madarunfa ta bazu, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000, kuma jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. Ƙwayar kwalara tana cikin irin waɗanda tukunyar ke ragewa sosai. Amma in annoba ta shigo gari, umurnin ma'aikatan lafiya shi ne gaba. In sun ce a sa Aquatabs, a tace ɗin kuma a sa ƙwayar cikin ruwan da ya ɗigo.

Wancan binciken na Kambodiya ya gano wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba. Kowane wata, cikin tukwane 100 kusan 2 na daina aiki, galibi saboda sun fashe ko famfon bokiti ya karye, kuma babu inda za a sayi wata kusa. Biyu cikin ɗari kamar ba komai ba. Amma ku tara shi shekara biyu, za ku ga fiye da kashi ɗaya cikin uku sun tafi. Bokitin ya koma na zuba gero, gidan ya koma randa da moɗa. Wannan shi ne babban abin da ya shafe mu mu 'yan asusu, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Abin da ba ta iyawa

Kafin mu zo kan kuɗi, akwai magana mai nauyi, musamman ga 'yan uwanmu na gundumar Gidan Rumji. Tukunyar na tare abin da ke yawo cikin ruwa ne. Abin da ya narke cikinsa, kamar gishiri ko kanwa, wucewa yake yi abinsa.

Mutanen Tibiri ba sai an ba su labari ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa musu rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa ya fito fari tas, kowa na murna. Ashe yana ɗauke da wani sinadari da ake kira fuliwo, wanda ke fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma yawansa ya ninka abin da jiki ke ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Aka yi shekaru ana sha. Yara suka taso haƙora sun yi ja, ɗaruruwa ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu kai ya yi girma. Da a ce kowane gida a Tibiri na da tukunyar tace ruwa a lokacin, da ba abin da ta hana. Dafa ruwan ma ba ya fitar da shi. Irin wannan matsala sai awo a ɗakin bincike da sauya rijiya. Don haka garin da aka ga haƙoran yara na rinewa, maganar ta kwamitin ruwa ce da magajin gari da ma'aikatar ruwa, ba ta tukunya ba. Duk mai tallan da ya ce muku tukunyarsa na cire komai da komai, ku riƙe kuɗinku.

Haka ma maganin ƙwari da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gona zuwa tabki. Sannan akwai wasu ƙwayoyin cuta da suka fi sauran ƙanƙanta, irin masu kawo ciwon shawara, waɗanda wani kasonsu kan sulale ta ƙofofin. Mai ciki da ke shan ruwan tabki ko na rijiya buɗaɗɗiya, gara ta haɗa biyu, tacewa da magani.

Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, ko ruwan tukunya ba nasa ba ne. Nono zalla, ko ana bazara.

Zancen sanyi

Yanzu ga inda mu kanmu muke ganin za a sha daga. Ruwan randa sanyi gare shi, ga ƙamshin ƙasa. Ruwan bokitin roba a watan Afrilu kuwa, kamar an ɗora a murhu. Maigida ya dawo daga gona ko kasuwa, kika miƙa masa ruwa mai ɗumi, me kike zato? Zai ce a ba shi na randa. Kwana uku sai uwargida ta ce to bari in riƙa juye tataccen cikin randa ya huce. In randar nan buɗe take kuma moɗa na shiga, wallahi an yi aikin banza, an tace an mai da shi inda ya fito.

Dabarun da muke gani ba masu tsada ba ne. A ajiye bokitin a inuwa, cikin ɗaki inda iska ke ratsawa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohon zane, a riƙa yayyafa masa ruwa. Ko a ware tulu mai ƙaramin baki wanda hannu ba ya shiga, a wanke shi da tataccen ruwa, a riƙa tarawa daga famfon kai tsaye a rufe, in za a sha a tsiyaya. Nan ne ma maginan tukwanenmu ke da kasuwa: randa mai murfi da aka huda wa gurbin famfo a gindi. Wannan aiki hannunsu zai iya.

Abin da hannunsu ba zai iya ba shi kaɗai shi ne ita tukunyar tacewar. Muna faɗin haka ne don mun ji masu cewa ai yumɓu ne, ga magina a garinmu, ga na Mirriya da suka yi suna, me zai hana su gina mana? Ba raini ba ne. Gashin da ake yi a fili da kara da kashin shanu ba ya riƙe zafi daidai ko'ina, wata ta gasu wata ta yi ɗanye, kuma ginin hannu ba ya ba da kauri ɗaya. Tukunyar da ke ɗigo amma ba ta tarewa ta fi babu haɗari, tunda uwa za ta saki jiki ta ba ɗanta. In wata rana haɗakar ƙungiyoyi ta yi niyyar kafa wannan sana'a, sai ta shirya wa injin matsa da tandar bulo da horo da awo. Ba kuɗin asusu ɗaya ba ne.

Lissafin akwati

Tsarin Mata Masu Dubara nan jiharmu aka haife shi, a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kafin ya bazu ƙasashe da dama. Abin da ya riƙe shi har yau shi ne ba ya jiran kyauta. Mu zuba, mu ranta, mu biya, mu raba. To da wannan idon za mu dubi tukunya.

Na farko, yawan ruwa. In aka cika ta sau uku a yini, da asuba da azahar da dare, za ta ba da wajen lita 20 zuwa 25, don ɗigon na raguwa in ruwan ya yi ƙasa. Ruwan sha ke nan na mutum takwas zuwa goma, kuma da bazara bai kai ba. Gidan da ke da ɗaki uku ko huɗu, kowace da 'ya'yanta, tukunya ɗaya ba ta isa. Kuma mun san halinmu, abin da aka ce na kowa ne ba mai wanke shi. Gara kowace ta san tata. Ruwan wanka da wanki ba ya bi ta ciki, amma ruwan dama fura da na kunun yaro ya kamata ya bi. Fura ce ma ta fi ba mu tsoro, tunda ba a dafa ruwanta kuma yara na yini suna sha.

Na biyu, kuɗi. Mu ɗauki misali kawai, a ce tukunya da bokitinta sun tsaya jika goma har sun iso gari. Ƙungiya mai mata 25, in kowace ta ƙara dala 40 bisa zubinta na sati, an tara jika biyar. Ke nan duk sati biyu mace ɗaya ta ɗauka, kamar adashe, cikin shekara guda kowa ta samu. Wa za a fara ba? Mu dai a ganinmu ba ƙuri'a ya kamata a jefa ba, a fara da masu yaye da masu yara ƙanana da waɗanda gidansu ya fi nisa da famfo. Ana iya samun gunaguni, amma magana ce da ake gamawa a zama ɗaya in shugaba ta tsaya.

Sai na uku, wanda ya fi duka. Ranar da aka sayi ta farko, ranar za a buɗe jakar canji. Ko ba ta fashe ba, masu yin ta kan ce a sauya yumɓun bayan kamar shekara biyu, bokitin ne ke daɗewa. Dala biyar ko goma a sati daga kowace mai tukunya, a ajiye gefe kamar yadda muke ware kuɗin taimakon biki da rashin lafiya. Kuma in za a yi oda a sayo da rara, cikin kowace goma a ƙara ɗaya ko biyu, da 'yan famfuna na canji, a ajiye wurin ma'aji. Wadda tata ta fashe da safe ta samu wata kafin la'asar. In aka ce sai an jira mai zuwa birni, to ta koma randa ke nan, kuma da wuya ta dawo.

Ko da wani shiri ne ya kawo su kyauta, ku karɓa ku yi godiya, amma ku tambaye su tun suna nan: in ta fashe ina za mu sayi wata, kuma nawa? Shiri na da ranar tafiya. In ba su da amsa, ku san abin na ɗan lokaci ne.

Riƙonta

Ba wuya, sai dai tana son natsuwa. Ruwan da ya yi jawur, irin na tabki ko na rijiya bayan ruwan sama, kada a zuba shi kai tsaye, zai toshe ta cikin kwana kaɗan. A bar shi ya kwanta tukuna. Alif na kwantar da shi, 'ya'yan zogale ma haka, kuma zogale ba ma rasa shi: a ɓare busassun 'ya'yan, a daka, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama a bokiti a bari awa ɗaya ko biyu, a tsiyaye na sama ta cikin ƙyalle mai tsabta, sannan a ba tukunya.

In ɗigon ya ragu, a ciro ta da hannu wankakke, a riƙe ta a baki, a ɗora bisa faranti mai tsabta, a goge cikinta da burushi mai laushi da tataccen ruwa. Ba sabulu, ba omo, ba jabel a jikin yumɓun. Bayanta kuma, wato gefen da ruwa ke ɗigowa, kada hannu ko tsumma ya taɓa shi, kada a dire shi ƙasa. Bokitin da famfonsa su ne ake wankewa da sabulu. Kuma ba kullum ake ciro ta ba, yawan ɗagawa shi ke kawo fashewa. A ɗora ta bisa abu mai ƙarfi da ba ya girgiɗi, inda akuya ba ta kaiwa amma yaro na iya murɗa famfo da kansa.

Tsaga ko da kamar silin gashi ce, tukunya ta mutu. Ba a liƙe ta da siminti ko ƙaro. Alamarta ita ce ki ga ruwan da ke ɗaukar awa uku ko huɗu ya ƙare cikin rabin awa. Kada ki ce tukunyata ta yi sauri, ki ce ta tsage.

Wannan awon kuma shi za ku yi ranar da kaya suka iso, kafin ma'aji ta biya cikon kuɗi. Hanyoyinmu in an sauka daga kwalta kun san su, a mota ne ko a amalanke, don haka a ce wa mai kawowa ya shimfiɗa ƙaiƙayi ko ciyawa tsakanin tukwanen. Da an sauke, a ƙwanƙwasa kowace da yatsa, mai lafiya ƙara take kamar ƙararrawa, mai tsaga muryarta a dushe. A jiƙa su su kwana, da safe a cika, a sa agogon waya awa ɗaya, a auna abin da ya ɗigo da gorar lita. Wadda ta wuce lita uku a mayar wa mai ita. Ruwan cikawa biyu ko uku na farko a zubar, yana da ɗanɗanon ƙasa.